Alkamar Clem ta Ƙarshe

Ranar Talata aka binne Clem Pascoe, ranar Alhamis maƙwabta suka zo yi wa matarsa gayyar girbi. Ba ita ta roƙa ba. Mu nan Wilgarra mai gona ba ya roƙon wannan. In manomi ya mutu ko ciwo ya kayar da shi alkamarsa na tsaye, sai kowa ya bar tasa ya turo injin girbinsa, a share gonar a wuni guda, a ci abinci, a watse. Clem ɗin da kansa ya yi shekara arba'in yana haɗa irin wannan gayya, yana bin gidaje da tsohuwar a-kori-kurarsa mai tari, yana gaya wa mutane ranar da aka sa, ba ya ma tsayawa jin ko suna da uzuri. Yau abin ya zo kansa.

Matar tasa, Valma, ta riga kowa tashi. Shekararta tamanin da biyu, sittin da ɗaya daga ciki ta yi su ne da Clem a gidan nan na kan tudu, kuma ba a taɓa yin gayya a yankin ba a ci kek ɗinta mai zabibi ba. 'Yarta Glenys, wadda ta zo daga birnin Perth tun Clem yana asibiti, ta iske ta a kicin tana yanka gasasshen naman rago tana jerawa cikin burodi.

"Mama, don Allah ki zauna. Mata shida za su zo da abinci."

"Su zo. Ai ban hana su ba."

"Shekaranjiya fa kika binne mijinki."

"Na sani, ina wurin. Miƙo min man shanu."

Glenys ta miƙa mata.

Alkamar da ake magana eka ɗari shida ce, a gonar tudu. Sauran gonakin Clem ya daɗe da ba wa wasu suna nomawa, amma wannan ya ƙi saki. A watan Mayu, yana da shekara tamanin da shida, likita ya hana shi, 'yarsa ta yi ta faɗa a waya, ya hau tarakta ya shuka ta da kansa. Ya ce ita ce ta ƙarshe, daga ita sai ya ajiye. Ai kuwa kamar ruwa ya ji shi. Bayan fari na shekara uku, damina ta zo daidai, alkama ta taso har cinya, kai ya yi nauyi. Kullum da yamma sai tsohon ya je bakin shinge ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya tauna ƙwayar, ya dawo yana ba Valma labari kamar ba ta gani ta taga.

Saura kwana goma a fara girbi ya faɗi a rumfar injuna, da gwangwanin giris a hannunsa. Kwana huɗu ya yi a asibiti. A rana ta uku ya kama hannun rigarta.

"Val, kada ki bar ta ta lalace a tsaye. Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu ban taɓa barin alkama a gona ba."

"Na ji."

"Ba na ji nake so ba."

"To, na yi alkawari. Za ta shiga rumbu. Yanzu ka rufa min baki ka sha ruwan nan."

Ya sha. Bayan wannan ba su ƙara wata maganar kirki ba, sai tambayar ƙarfe nawa da gyara matashi. Tun daga ranar alkawarin nan yake tokare a ƙirjin Valma. A coci ma, fada yana lissafa alheran Clem, ita hankalinta yana kan sararin sama ta tagar gefe.

Wajen ƙarfe tara injunan suka fara shigowa, guda bakwai, da manyan motocin kwasa, da tankokin ruwa biyu na kashe gobara. Trevor Hardie ne ya haɗa gayyar. Shi ya gaji Clem a shugabancin 'yan sa kai na kashe gobara, kuma a hannun Clem ya koyi riƙe tiyo. Ya tsaya a ƙofar kicin da hularsa a hannu, ƙaton mutum mai furfura, amma a gaban Valma har yau sai ya rusuna.

"Anti Valma, an ce hadari zai iso da yamma, har da ƙanƙara. Amma in Allah ya yarda kafin ƙarfe uku mun gama."

"Ka karya?"

"Na sha shayi."

"Shayi! Ungo." Ta danƙa masa burodi biyu a takarda.

A bayansa Norm Tully ya leƙo, abokin Clem tun makaranta, wanda ya zo da wani injin girbi da ya girmi rabin mutanen da ke wurin.

"Valma, an ce kek ɗin bana ya ƙone."

"An ce kai ma ka mutu bara, ga ka nan kana cika wa mutane kunne. Ka tabbata wannan gwangwanin naka zai kai bakin gona?"

"Ya kai ni jana'izar mutum goma sha ɗaya, zai kai ni ta sha biyu."

Suka yi dariya, sai dariyar ta tsinke a tsakiya, don duk sun tuna wane ne na sha ɗayan. Norm ya goge hanci da bayan hannu ya fita.

Aka shiga aiki. Daga baranda Valma tana ganin injunan bakwai a jere suna cin alkamar, ƙura na bin su. Motar farko ta cika ta nufi rumbun gari, ta biyu ta bi ta. Tun da Clem ya faɗi sai a lokacin ta ji numfashinta yana sauka har ciki. Ta koma kicin wajen matan da suka zo, ta hau gyara musu yankan tumatir.

Wajen goma da rabi iska ta juya ta dawo daga arewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar alkama ya san wannan iskar: busasshiya, mai zafi kamar an buɗe murhu. Labulen kicin ya tashi ya manne da silin. Valma ta dubi agogo, ta dubi rediyon oba-oba da ke kan kantar kicin kusa da tulun shayi.

Ga yadda abin yake a wurinmu. Lokacin girbi, sha ɗaya na bugawa, masu awo uku na yankin kan auna zafi da ƙarfin iska, kowa ya faɗi nasa a oba-oba kowa na ji. In awon ya haura iyaka, shugaban 'yan kashe gobara ya tsayar da girbi a yankin gaba ɗaya, kowane inji a kashe shi inda yake, don ƙarfe ɗaya ya karci dutse a irin wannan rana ya isa ya cinye gari. Shekara talatin da huɗu Clem ne mai tsayarwar, kuma bawan Allahn nan bai san wani abu wai shi sassauci ba. Birki ake ce masa a bayan idonsa, daga baya har a gabansa. Ya taɓa tsayar da ƙanensa Ron saura awa ɗaya ya gama, ruwa ya zo ya lalata ragowar, Ron ya yi shekara biyu ko gaisuwa ba ya amsa masa. Clem ko a jikinsa. Ko kuma a ce a jikinsa ne, don Valma ce ta san sau nawa ya ture kwanon abinci a shekarun nan biyu.

Ba haka kawai ya zama Birki ba. Shekarar da aka haifi Glenys, a rana irin wannan, wuta ta tashi daga injin wani maƙwabci mai suna Wally Dunn da ya ce bari ya ƙarasa layi ɗaya. Ta ci gonaki tara kafin la'asar. Clem ne ya ciro Wally daga motarsa, ya dawo gida fatar mutumin na manne a hannun rigarsa, Valma ce ta wanke rigar. Tun daga nan oba-oba ya zauna a kicin ɗinta. Maza na bakin wuta, ita ke haɗa wannan da wancan, ta san muryar kowa, ta san wanda ya ji tsoro tun kafin ya faɗa, ta san gidan da za a fara kai wa ruwa. Ko da Clem ya sauka daga shugabanci, awon tudunsu yana cikin ukun nan, shi yake ɗauka har makon da ya faɗi.

Sha ɗaya ta buga. Oba-oba shiru.

Sha ɗaya da minti goma, shiru. Ba a ji mai awon yamma ba, ba a ji na bakin tafki ba. Valma ta murɗa abin ta ga ko ya mutu ne, lafiyarsa ƙalau. Ta juyo ta dubi matan, kowace ta duƙufa a kan abin da take yankawa, wata ma tana goge farantin da ta riga ta goge. Nan ta gane. Ba mantuwa ba ce. Yankin ne gaba ɗaya ya haɗa baki ya yi kunnen uwar shegu, don in ba a faɗi awo ba, ba abin da zai tilasta wa Trevor tsayarwa. Saboda ita suka yi, ita da Clem. Sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido, don a rayuwarta ba a taɓa yi mata kara irin wannan ba, kuma ba a taɓa sa ta a tsaka mai wuya irin wannan ba.

Ta cire zanen girkin da ta ɗaura, ta fita. Ma'aunin zafi da iska yana inda Clem ke ajiye shi, a aljihun gaban a-kori-kura, a cikin tsohuwar safa. Ta ɗauka ta taka a hankali zuwa gindin tankin ruwa, inda tudun ya fi tsawo. Glenys ta biyo ta da gudu, iska na fizgar rigarta.

"Mama, me za ki yi?"

"Dubawa kawai zan yi."

"Kada ki duba. Don Allah kada ki duba. Ba wanda ya sa ki."

Valma ta ɗaga ma'aunin sama da kanta, ta juya wa iskar fuska. 'Yar farfelar ta hau juyawa har tana kuka. Hannunta ya gaji, ta tallafe shi da ɗayan, ta jira yadda ake jira, don ba a yanke hukunci da bugun iska ɗaya. Ta sauke ta duba. Ta sake ɗagawa, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Zafi digiri arba'in da ɗaya, iska kilomita arba'in da takwas a awa. Ko kusa da iyaka ba a tsaya ba, an wuce ta da nisa.

"Ga tankokin ruwa har biyu a gonar," in ji Glenys. "Mutum ashirin suna kallo. Me zai faru? Awa uku ne fa, Mama. Kin yi wa Baba alkawari, a gabana kika yi."

"Na yi."

"To?"

Valma ta dubi kudu, inda iskar ta nufa. Bayan gonar tudu gonar Trevor ce, ita ma a tsaye, busasshiya ƙayau. Bayanta gidan wasu sababbin zuwa masu 'ya'ya uku. Bayan nan makarantar firamare, yau Alhamis, ana karatu.

"Wally Dunn ma yana da tankin ruwa," ta ce.

"Wannan shekara sittin ke nan!"

"Alkama ba ta canza yadda take cin wuta ba."

Glenys ta fashe da kuka. "Wallahi ke da shi duk ɗaya ne. Taurin kai ya kashe shi, ke ma ga shi nan. Abu ɗaya ya roƙe ki, ɗaya tak!"

Valma ta juya. Ta koma motar, ta zauna a kujerar Clem wadda ta lotsa daidai jikinsa, ta ɗauki oba-oban motar. Ta daɗe tana riƙe da shi a cinya. Tana jin haushin Clem, haushi na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun suna matasa. Shi ya koya mata wannan, shi kuma ya ɗora mata wancan, ya tafi ya kwanta abinsa ya bar ta da zaɓi. Ta danna.

"Tudun Pascoe ke magana. Awon sha ɗaya, an makara." Ta yi gyaran murya. "Zafi arba'in da ɗaya. Iska arba'in da takwas, daga arewa."

A kowane inji da kowane kicin na yankin an ji ta, kuma kowa ya san wannan muryar. Can sai Trevor ya shigo layin, ƙarar injinsa na bayansa.

"Anti Valma, ban ji ki sosai ba. Layin yana da hayaniya. Ko za mu sake gwadawa wajen ƙarfe biyu?"

Ƙofa ce ya buɗe mata, kowa ya gane. Da ta ajiye abin nan ta koma kicin, shi ke nan, ba mai sake tayar da zancen har abada.

"Trevor Hardie, na san ka tun kana fitsarin kwance. Ka ji ni sarai. Arba'in da ɗaya, arba'in da takwas."

"Anti, kashi ɗaya cikin uku kawai muka yi. Ki ba ni awa uku. Ni zan ɗauki laifin."

"Ba naka ba ne da za ka ɗauka, ɗana. Yi aikinka."

Aka ji numfashinsa a cikin abin. Sannan ya yi magana da muryar aiki, wadda ba ta da kowa a ciki: an tsayar da girbi a yankin Wilgarra daga yanzu har sai an sanar, kowa ya kashe inji. Ya maimaita sau biyu yadda doka ta ce.

Ɗaya bayan ɗaya injunan suka tsaya. Na Norm ne ƙarshe, ya yi tari sau uku kafin ya mutu. Sai ƙarar iska kawai a cikin alkama, wadda tun safe ba a jin ta.

A rumfar injuna aka ci abinci. Maza ashirin da wani abu suna zaune a kan buhuna da tayoyi, ba mai ɗaga kai. Ba fushi suke da ita ba, kunya ce ta kama su, kuma ba su san ta me ba, ta shirun da suka yi ko ta kasa gamawa. Valma ta bi su da tulun shayi tana zuba wa kowa, ta san mai sukari biyu da wanda likita ya hana. Da ta zo kan Norm ya riƙe kofinsa da hannu biyu.

"Mun zaci mun binne Birki ranar Talata," ya ce. "Ashe ya bar birkin hannu a gida."

Wasu suka yi 'yar dariya. Valma ta buɗe baki za ta rama yadda ta saba, abin ya ƙi fitowa. Ta ajiye tulun a ƙasa, ta zauna kusa da shi a kan buhu, ta rufe fuska da hannu. A jana'iza ba ta yi kuka ba, sai a nan, gaban maza masu ƙurar alkama a gira. Norm ya dafa bayanta yana cewa, "To, to, yi haƙuri, bakina ne," shi ma hawaye na bin gemunsa.

Ba wanda ya tafi gida. Suka zauna jiran iska ta faɗi. Duk rabin awa Trevor ya fita da ma'aunin ya dawo yana girgiza kai. Ƙarfe ɗaya, biyu, uku, iskar ko gezau. Wajen huɗu da rabi arewa ta yi baƙi ƙirin, sai a lokacin iskar ta tsaya cak, aka ruga wajen injuna, amma ko layi biyu ba a yi ba aka ji ɗigon farko. Ƙanƙara ta sauko kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Minti ashirin ta yi, ruwa ya biyo ta ya kwana biyu yana zuba.

Ba a yi gobara a ko'ina ba ranar nan. Wannan shi ya fi ci wa Valma rai. Da wuta ta tashi a wani wuri, ko da a nesa, da ta sami abin riƙewa. Amma ba abin da ya faru, kuma ba mai iya gaya mata ko da an ci gaba wani abu zai faru. Wataƙila da ƙarfe uku sun gama lafiya lau, alkamar Clem tana rumbu, an sha shayi an watse.

Glenys ta koma Perth ranar Lahadi. Sun rungumi juna a bakin mota, ta ce wa uwar ta yafe mata maganar da ta faɗa, uwar ta ce ba komai, ta tuƙa a hankali. Amma kowacensu ta san maganar tana nan.

Bayan kwana takwas ƙasa ta bushe yadda za a iya takawa, Valma ta gangara gonar. Eka ɗari huɗu a kwance, kara ya yi baƙi-baƙi, ƙwayar ta zube a ƙasa ta fara tsiro. Ta tsuguna da ƙyar ta ɗauki zangarniya ɗaya, fanko ce, sai 'yan ƙwayoyi biyu da suka fito da farin saiwa. Tana nan tsugune motar Trevor ta tsaya a bakin shinge. Ya zo ya ba ta hannu ta miƙe.

"Na zagaya ta jiya, Anti. Ba abin da inji zai ɗauka."

"Na gani."

"Sai dai a sa tumaki su tsince. Awa ɗaya kullum da farko, kada cikinsu ya kumbura. Na kawo nawa, suna bayan shinge, in kin yarda."

Ta tsaya tana kallon gonar, daga inda injuna suka tsaya, layin a miƙe kamar an ja da zare, har can ƙarshen tudu.

"Buɗe musu," ta ce.

Ya je ya buɗe. Tumakin suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, sannan ɗaya ta shiga, sauran suka biyo ta suna turereniya, suka bazu cikin alkamar suka sa kai ƙasa. Trevor ya dawo ya tsaya gefenta yana murza hularsa. Can sai ya yi tambayar.

"Anti Valma, kin yi da-na-sani?"

"Kullum," ta ce. "Da safe ya fi tsanani." Ta share ido da gefen hannu. "Je ka rufe ƙofar, sun gama shiga."